Ƙasa Mai Danshi a Bayan Tafkin Iyo

Ranar Asabar da aka sake buɗe tafkin iyo na garinmu, tun da hantsi Tete Maidei ta zo tana buga ƙofar ɗakina da zoben hannunta. Ƙanwar babana ce, ita ta riƙe ni tun ina ƙarama, kuma ban taɓa ganin ta shiga gidan kowa a hankali ba.

"Shuvai, mutuwa kika yi a ciki? Fito mana. Tsohuwar nan Mbuya tana can ta ci ado tun asuba kamar za a kai ta gidan miji."

Na fito da zane a kan siket, na ɗaura ɗankwali. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Wannan ne kayan iyon naki?"

"Ba iyo zan yi ba, Tete."

"Na sani, 'yar nan. Amma ki ɗan saki fuska, kada mutane su ce jana'iza za mu."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Ta gyara jakarta a kafaɗa, muka kama hanya.

Damina biyu da suka wuce na haihu, wata bai cika ba. Mbuya Gondo, unguwarzomar unguwarmu, ita ta karɓi haihuwar a ɗakina. Yaron bai yi kuka ba. A wurinmu irin wannan ɗa ba a yi masa makoki, ba a yi masa akwati, maza ba sa zuwa. Tsofaffin mata ne ke ɗaukarsa da sassafe su kwantar da shi a ƙasa mai danshi, don kada cikin uwar ya bushe. Uwar ba ta kuka, kuma ba a nuna mata wurin.

Rafin da ke kusa da mu masu neman zinariya sun yamutsa shi, ya zama ramuka. Wuri ɗaya ne ya rage a garin da ƙasa ba ta bushewa ko da rani, shi ne bayan tsohon tafkin iyo. Kamfanin haƙar ma'adinai ne ya gina shi don Turawansa tun zamanin kakanninmu. Da aka rufe ma'adanar sai tafkin ya tsage, ya zama gidan kwaɗi. A bayansa wani bututu ya yi ta ɗiga shekara da shekaru, ciyawar fadama ta fito ta fi mutum tsawo. Can aka kai shi. Abin da na sani ke nan, shi ma Tete ce ta gaya mini a ɓoye. Ita ba ta je ba, tana ɗaki tana riƙe da ni. Ɗaya tsohuwar da ta raka Mbuya ta rasu bara.

Duk lokacin da na roƙi Mbuya ta nuna mini, sai ta ce in bari sai na yaye na gaba. Na gaba bai zo ba. Mijina Taurai ya tafi haƙar zinariya wajen Shurugwi, wayarsa kullum ƙara gajarta take yi. Ana haka 'ya'yan garin da ke ƙasashen waje suka ce za su gyara tafkin ya koma yadda yake a da. Aka kewaye wurin da kwanon rufi, ba mai shiga. A cikin wannan lokacin idon Mbuya ya yi yana, hankalinta ya fara zuwa yana komawa. Ɗanta ya aiko cewa ranar Lahadi zai zo ya tafi da ita wurinsa, can ƙetaren iyaka. Sai a daren Alhamis ta kama hannuna ta ce, "Asabar za a buɗe, ko? Ki zo ki kai ni. Ba zan tafi da shi a bakina ba."

Muka same ta zaune a ƙofar gida da kayan cocinta, farar riga da jan siket, da farin takalmin roba da ta wanke ya yi fes.

"Mbuya, kun tashi lafiya?"

"Mun tashi, in kun tashi. Wa ke tare da ke? Na ji ƙamshin turare mai arha."

"Ni ce, Mbuya, kishiyarki a wurin samarin garin nan," in ji Tete. "Kuma turaren nan daga Harare yake."

"Maidei ce. To a Harare ma akwai na arha."

Na ji sanyi a raina. Ranar hankalinta yana nan. Na riƙe mata hannun dama, Tete ta riƙe na hagu.

Tun daga nesa ake jin lasifika da ihun yara. An ce ranar farko shiga kyauta ne, don haka garin duka ya taso. An cire kwanon rufin. An yi wa katangar farin fenti, an sake rubuta shekarar da aka gina wurin a saman ƙofa. Sekuru Dube ne ke gadi, wani dattijo da ya yi aiki a ramin ma'adanar tare da kakana. An ba shi sabuwar hula da usur a wuya.

"Maidei, ke ma iyon za ki yi? Bari in ce yara su fito, kada ruwan ya zube."

"Kai da aka ba ka usur shi ke nan ka zama gwamna. In ka faɗa ciki wa zai tsamo ka?"

"Ke mana. Ai tun kina yarinya kike nema na."

Yana dariya ya matsa mana, amma Mbuya ta ja ta tsaya. Ta ɗora hannu a kan ƙarfen ƙofar tana shafawa.

"Ba ta nan muke shiga ba," ta ce. "Tamu ƙofar ta baya ce, kusa da ɗakin injin."

"Wannan ya wuce, Mbuya," in ji Sekuru Dube. "Yau kowa ta gaba yake shiga, har ni."

Ta bi mu, amma na ji hannunta ya yi tauri a cikin nawa.

Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Shuɗi ne, ana ganin ƙasansa. Ni tun da na yi wayo kore na san shi, da tayoyi da ledoji a ciki. Yanzu an jera fararen tayil a baki, an mayar da dogon katakon da ake tsalle daga kansa, agogon bango ma yana tafiya. Warin maganin ruwa ya haɗu da hayaƙin gasasshiyar masara. A zauren shiga an rataye tsofaffin hotuna marasa launi: Turawa maza da mata a bakin ruwa, yaransu da jiƙaƙƙen gashi. A gefen wani hoto akwai mata baƙaƙe zaune a ƙarƙashin bishiya da tawul a cinya. Tete ta tsaya tana duba fuskokinsu ko za ta ga Mbuya, don kowa ya san ta yi raino a gidajen Turawa da ƙuruciyarta. Ni na ja su muka wuce.

Muka zagaya ta gefen ɗakunan canza kaya zuwa baya. Da na ɗaga kai sai na ja na tsaya.

Babu ciyawar fadama. Babu kwari, babu tudu. An baje wurin ya zama fili ɗaya, an shimfiɗa gajeriyar ciyawa kore shar tun daga bakin daɓe har katanga. A gefe ɗaya an gina ɗan kanti da bulo, an yi masa daɓe a gaba. Tsohuwar bishiyar jakaranda ce kawai na gane, ta zubar da furanninta a ƙasa. Mutane sun shimfiɗa zannuwa suna cin abinci.

"Mun iso, Mbuya," na ce.

"Ina ciyawar? Ban ji tana taɓa ni ba."

"An yanke ta."

"Ba komai. Ido ne ya tafi, ƙafa tana nan. Cire mini takalmi."

Na durƙusa na cire mata. Ta ce da ƙafa ta nemi wurin a wancan lokacin. Ta bi ƙasa tana takawa har inda ta ji laka ta fito tsakanin yatsunta, a nan ta haƙa. Ƙafarta za ta gane.

Ta fara tafiya a hankali, tana danna diddige, tana tsayawa, tana ƙara gaba. Ina biye da ita riƙe da takalmin a ƙirjina. Wasu 'yan mata da ke kwance da kayan iyo suka bi mu da kallo suna ƙunshe dariya. Da wata rana ce da na gudu don kunya.

Kusa da katanga ta tsaya. Ta danna ƙafa sau da yawa, ruwa ya ɗan taso.

"Nan ne."

Na dubi wurin. Ciyawa ce kamar sauran, da murfin kwalba a kai. Na fara durƙusawa a wurin. Sai Tete ta kama ni a damtse, ta nuna mini da haɓa. Taku kaɗan daga wurin akwai wani ɗan bakin famfo a cikin ciyawa, irin mai juyawa yana fesa ruwa. An kashe shi, amma yana ɗiga. Da na duba filin sai na ga irinsa a jere, nan da can, har ƙarshen katanga.

Mbuya ta ƙara gaba da kanta. Ta yi tafiya kaɗan ta sake tsayawa.

"A'a. Nan ne. Wancan ba shi ba ne."

Ta juya hagu, ta taka zanen wani mutum, Tete ta ba shi haƙuri. Ta sake tsayawa. Ta ɗaga ƙafa ɗaya ta shafa tafinta da hannu, ta shinshina.

"Ko'ina a jiƙe yake," ta ce a hankali. "Wa ya jiƙa ƙasar duka?"

"Ku tuna da wani abu dabam, Mbuya," in ji Tete. "Bututun da ke ɗiga, yana hannun dama ne ko hagu?"

"Bututun yana nan. Ina jin ƙararsa a bayana."

Muka yi shiru muna saurare. Ba abin da ake ji sai kiɗa da faɗuwar mutane cikin ruwa.

Tete ta ce in tsaya da ita. Ta nufi kantin, inda wani mutum mai jar riga ke sayar da ƙanƙara mai zaƙi a leda. Chikwanha sunansa, yana cikin waɗanda suka yi aikin gyaran. Na ja Mbuya muka matsa kusa don in ji.

"Surukina, aiki ya yi kyau," in ji Tete. "Wancan bututun da ya dame mu da ɗiga, a ina yake ma?"

"Wane? Ai guda nawa muka cire. Duk sun ruɓe. Katafila ce ta bi ta tone su."

"Ta tone wurin duka?"

"Wani gefen an tone, wani gefen an cike. Ƙasar nan da kike gani yawanci tifa ce ta kawo ta."

"Wane gefen aka tone?"

Ya sosa ƙeya, ya dubi filin. "Kin san da ciyawa a wurin, komai iri ɗaya ne. Ina jin daga nan kanti zuwa can. Ko kuwa daga can zuwa nan. Me ya faru, zinariya kika ɓoye?"

"Tsohon saurayina na binne," in ji Tete, ta yi dariyar da ban taɓa jin irinta a bakinta ba. "Ba ku tono komai ba?"

"Kwalabe. Macizai. Wani tsohon keke. Mai katafila ba ya sauka ya duba, Mama, sauri ake yi."

"Ƙasar da aka kwashe fa?"

"An cike ramukan hanya da ita. Ja za ki sha ko mai ruwan lemo?"

Ta sayi ɗaya don kada ya yi zargin wani abu. Ta riƙe ta a hannu tana narkewa.

Da na waiwaya Mbuya ta saki hannuna. Ta lalubi hanya da kanta zuwa gindin jakaranda, kamar mai gani. Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta haɗe su. Wani ya bar tawul a kan saiwar bishiyar. Ta jawo shi ta karkaɗe, ta ninke shi da kyau ta ɗora a cinya. Ta juya fuskarta wajen ruwa.

Na zauna kusa da ita.

"Mbuya, ku huta kaɗan, sai mu sake gwadawa."

"Yi shiru, ina sauraren yarinya. In ta je wurin zurfi ni Madam za ta yi wa faɗa."

"Wace yarinya?"

"Gillian mana. Ba ta jin magana, ga ta da son tsalle." Ta ɗaga murya kaɗan, da wata irin murya mai laushi da ban san ta da ita ba, ta kira sunan.

Tete ta zo ta tsuguna a gabanta. "Mbuya, Maidei ce. Ga Shuvai. Kun tuna abin da ya kawo mu?"

"Ku ma yara kuka kawo? To ku zauna a inuwa. Kada ku matsa bakin ruwa, mai gadin nan ba shi da kirki."

Ni ba mai magana ba ce. Tun ranar da abin ya faru ban taɓa ambatar sa da bakina a fili ba, sai dai in ce "wancan zancen". Amma na ga rana tana tafiya, gobe kuma mota za ta zo. Na kama hannayenta biyu a kan tawul ɗin.

"Mbuya, ɗana. Wanda kuka karɓa a ɗakina, bai yi kuka ba. Kun naɗe shi a zanena mai ruwan ƙasa, kuka kawo shi nan. Ku gaya mini ko da baki ne. Daga bishiyar nan, ta ina kuka bi?"

Ta juyo da fararen idanunta gare ni. Ta daɗe a haka. Na ga leɓenta yana motsi.

"Wane ɗa?" ta ce. "Ba a barin 'ya'yanmu su shigo nan, 'yar nan. Ke sabuwa ce, ko? A gidan wa kike aiki?"

Ta shafa bayan hannuna.

"Za ki saba. Ki dai riƙa zuwa da tawul biyu."

Can gefe, jikin katanga, wata mata na zaune da kayanta a jiki, ba yaro tare da ita, ba abinci a gabanta. Wadda ake kira Mai Rudo ce, mai sayar da tumatir a bakin kasuwa. Tun muna zagaya filin na lura tana bin ƙafar Mbuya da ido. Ta taso ta zo kamar za ta wuce, ta ɗan rage tafiya a kusa da ni.

"Ta tuna?" ta tambaya, ba ta dube ni ba.

Na girgiza kai.

Ta gyara ɗaurin zanenta. "Tawa ma tana nan, mace ce," ta ce, ta wuce.

Muka zauna har inuwar bishiyar ta koma ɗaya gefen. Tete ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta yi mata waƙar coci, ta kira mata sunayen matan unguwa, ta tsokane ta da zancen marigayi mijinta. Mbuya tana dariya, tana amsawa da labarin gidan Madam da irin sabulun da ake wanki da shi. Mai tawul ɗin ya zo nema, wani saurayi jiƙe sharkaf. Ta miƙa masa da hannu biyu tana sunkuyar da kai.

"Shuvai," in ji Tete a kunnena, "ta tsaya a wuri uku. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe a ranki. Wa zai ce miki ba shi ba ne?"

"Ni."

"Na farkon fa? Da hankalinta ta faɗa."

"Akwai famfo a wurin, Tete. Ke kika nuna mini."

"Da na sani da ban nuna miki ba."

Duk da haka na tashi na koma cikin filin. Na nemi inda ta fara tsayawa. Yara sun yi ta guje-guje a wurin, wani ya ɗauke murfin kwalbar, famfunan kuma duk iri ɗaya ne. Na cire silifas ɗina na taka. Sanyi ya ratsa ni. Na matsa gaba, sanyi. Na koma baya, haka. Na je gaban kanti na tsaya a kan daɓe, shi kaɗai ne busasshe, yana ƙona tafin ƙafa. Na yi tunanin ko a ƙarƙashinsa ne. Na yi tunanin hanyar da muke bi zuwa kasuwa, da sababbin facin ƙasa a kanta, da motocin da ke wucewa.

Sekuru Dube ya busa usur. Ya zagayo yana cewa a tattara kaya, za a kunna ruwan ciyawa.

Mbuya ta ƙi tashi. Ta ce ba za ta tafi ta bar yarinya a ruwa ba.

"Madam ta zo ta ɗauke ta tun ɗazu," in ji Tete. "Ta ce ku tafi gida, kun yi ƙoƙari yau."

"Ta ce haka?"

"Da bakinta."

Sai ta yarda na sa mata takalmi. Ƙafafunta duk furen jakaranda ne da laka. Na goge su da gefen zanena, na daɗe ina goge tsakanin yatsun.

Muna kaiwa kwanar ɗakunan canza kaya aka kunna famfunan. Suka fara juyawa gaba ɗaya, ruwa yana sauka a kan filin daga katanga zuwa katanga. Na tsaya ina kallo. Sai kuka ya zo mini.

Tete ta matse mini hannu. "Ba a nan ba, Shuvai. Mutane suna gani."

"To a ina, Tete?"

Mbuya tana jan mu wajen ƙofar baya, tana cewa mu yi sauri kafin a kulle.